Casablanca: Fim ɗin da 'Yan Gudun Hijira Suka Ba da Labarin Kansu

A ranar 26 ga watan Nuwamban 1942 aka fara nuna fim ɗin Casablanca a wani gidan sinima da ke birnin New York na ƙasar Amurka. Kamfanin Warner Brothers da ya shirya shi bai sa ran wani abin mamaki daga gare shi ba, domin kuwa ɗaya ne kawai cikin ɗimbin finafinan da kamfanin ke fitarwa kowace shekara a wancan zamani. Sai ga shi bayan fiye da shekara 80, wannan fim mai hoto baƙi da fari, mai tsawon minti 102, yana cikin 'yan ƙalilan ɗin finafinan Yaƙin Duniya na Biyu da har yau ake sake nunawa, masu sharhi kuma ba su gaji da jayayya a kansa ba.

Yawancin masu ambatonsa suna lissafa shi cikin labaran soyayya. To amma duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa layin ofishin jakadanci neman biza, ko ya share wata da watanni a garin da ba nasa ba yana jiran wata takarda da za ta ba shi damar wucewa gaba, zai tarar da wani labarin dabam a cikinsa. Casablanca fim ne a kan mutanen da suka maƙale a hanya, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka fito a matsayin 'yan gudun hijira a cikinsa, 'yan gudun hijirar ne na haƙiƙa.

Takardu biyu a cikin piyano

Labarin ya faru ne a watan Disamban 1941 a birnin Kasablanka na ƙasar Moroko, wadda tun 1912 take ƙarƙashin ikon Faransa. A lokacin Jamus ta riga ta murƙushe Faransa tun watan Yunin 1940, ta mamaye arewacinta, yayin da gwamnatin Marshal Philippe Pétain da ke zaune a garin Vichy, mai ɗasawa da 'yan Nazi, take riƙe da kudanci da kuma akasarin ƙasashen da Faransa ke yi wa mulkin mallaka. Fim ɗin ya buɗe da taswira mai nuna hanyar masu tserewa: daga Paris zuwa Marseille, a tsallake Bahar Rum zuwa Oran ta Aljeriya, daga nan a gangara Kasablanka. Mai kuɗi ko mai uwa a gindin murhu yakan samu bizar fita zuwa Lisbon, babban birnin Fotugal, inda ake samun jiragen zuwa Amurka. Saura kuwa sai zaman jira.

A wannan birni ne wani Ba'amurke mai suna Rick Blaine, wanda Humphrey Bogart ya fito a matsayinsa, yake da gidan rawa da caca, matattarar jami'an Faransa da hafsoshin Jamus da 'yan sumoga da masu neman mafita. Rick ya sha faɗi cewa ba zai jefa kansa cikin haɗari saboda kowa ba, ko da yake an ji cewa a baya ya yi safarar makamai zuwa Habasha lokacin da Italiya ta kai mata hari a 1935, ya kuma yi yaƙi a Sifen a gefen masu kare jamhuriya. Wani ɗan damfara mai suna Ugarte ya ba shi ajiyar takardun izinin wucewa guda biyu da aka raba wasu 'yan saƙon Jamus da su bayan an kashe su, takardun da aka ce babu mai ikon soke su. A daren aka kama Ugarte, washegari aka ce ya mutu a tsare, takardu kuwa suka ci gaba da zama a ɓoye cikin piyanon Sam, mawaƙin gidan.

A wannan dare ne kuma Victor Laszlo, ɗan ƙasar Cekoslobakiya kuma jagoran masu gwagwarmaya da 'yan Nazi, wanda ya tsere daga sansanin gwale-gwale, ya shigo gidan tare da matarsa Ilsa. Ilsa kuwa ita ce macen da Rick ya so a Paris, wadda ta saɓa alkawarin haɗuwa da shi a tashar jirgin ƙasa ranar da za su gudu daga birnin, saboda ta samu labarin cewa mijin da ta zaci ya mutu yana nan da ransa. Yanzu ran mijin nan yana hannun Rick. Daga ƙarshe Rick ya sa Ilsa cikin jirgin Lisbon tare da mijinta, ya harbe Manjo Strasser na Jamus da ya zo hana tafiyar, shugaban 'yan sanda Kyaftin Renault kuma ya kau da kai.

Masu kallo a 1942 ba su buƙaci tafinta ba. Rick shi ne Amurka, wadda ta yi fiye da shekara biyu tana hangen yaƙin Turai daga nesa, har sai da Japan ta kai hari a Pearl Harbor ranar 7 ga Disamban 1941. Darasin bai wuce abin da Hausawa ke cewa ba, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yadda aka haɗa shi

Asalin labarin wasan kwaikwayo ne na dandali mai suna Everybody Comes to Rick's, wanda Murray Burnett da Joan Alison suka rubuta a 1940, amma ba a kai ga nuna shi ba. Burnett, wanda malamin makaranta ne a New York, ya je Vienna a 1938, jim kaɗan bayan Hitler ya haɗe Ostiriya da Jamus, ya ga irin wulaƙancin da ake yi wa Yahudawa, abin ya tsaya masa a rai. Rubutun ya shiga hannun mai tantance labarai na Warner washegarin harin Pearl Harbor. Kamfanin ya saye shi dala 20,000, aka sauya masa suna zuwa Casablanca don a ci albarkacin wani fim mai suna Algiers da ya yi kasuwa a 1938. 'Yan'uwan da suka mallaki kamfanin 'ya'yan Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Polan. Tun 1934 suka rufe harkokinsu a Jamus, a 1939 kuma suka fitar da Confessions of a Nazi Spy, fim na farko daga wani babban kamfanin Hollywood da ya fito fili ya soki 'yan Nazi.

An fara ɗaukar Casablanca ranar 25 ga Mayun 1942 a ƙarƙashin darakta Michael Curtiz, haifaffen Budapest ta Hangari, aka kammala ranar 3 ga Agusta, a kan kuɗi dala miliyan 1 da 'yan kai. Babu wanda ya taka ƙasar Moroko. Kusan komai an yi shi ne a harabar kamfanin da ke Burbank a jihar Kalifoniya. Saboda yaƙi gwamnati ta ƙayyade cewa kada a kashe fiye da dala 5,000 wajen sayen sabbin kayan gini a kowane fim, don haka aka ari titin da aka gina wa fim ɗin The Desert Song, da tashar jirgin ƙasa ta fim ɗin Now, Voyager. Jirgin saman da ake hange a ƙarshen labarin ƙarami ne na katako da kwali. Aka sa wadanni sanye da kayan makanikai suka zagaye shi don ya yi kama da babba, aka turnuƙe wurin da hazo don rufa asiri. Hazon nan da masu sharhi suka yi ta yabawa, ƙarancin kayan aiki ne ya haife shi.

Wasu tagwaye, Julius da Philip Epstein, tare da Howard Koch ne suka rubuta labarin fim ɗin, ana ɗauka suna gyara. Daga nan aka samo zancen da ya yaɗu cewa wai Ingrid Bergman, wadda ta fito a matsayin Ilsa, ba ta san namijin da za ta bi ba sai ranar ƙarshe. Akwai ƙarin gishiri a zancen. Dokar tace finafinai ta Hollywood, wadda Joseph Breen ke aiwatarwa, ba za ta lamunci a nuna matar aure ta bar mijinta ta bi wani ba, kuma ko a wasan na asali Rick ya sallame ta ne tare da Laszlo. Abin da ya ba marubutan wahala shi ne yadda za su sa rabuwar ta shiga hankalin mai kallo.

Sai kuma tarihi ya yi wa fim ɗin talla kyauta. Ranar 8 ga Nuwamban 1942 sojojin Amurka da na Birtaniya suka sauka a Moroko da Aljeriya, cikin kwana uku Kasablanka ta faɗa hannun dakarun Janar George Patton. Kamfanin ya gaggauta fitar da fim ɗinsa. Aka sake shi a faɗin Amurka ranar 23 ga Janairun 1943, daidai lokacin da Shugaba Franklin Roosevelt da Firayim Minista Winston Churchill suke taro a unguwar Anfa ta Kasablanka, taron da ya gudana daga 14 zuwa 24 ga watan, inda aka sanar cewa ba abin da za a karɓa daga Jamus da Italiya da Japan illa miƙa wuya ba tare da sharaɗi ba. A watan Maris na 1944 fim ɗin ya ci lambobin yabo na Oscar guda 3, wato na gwarzon fim, na darakta da na rubutun labari.

Waɗanda suka san zafin abin

Cikin 'yan wasan da aka rubuta sunayensu a allon fim ɗin, uku ne kaɗai haifaffun Amurka: Bogart, da Dooley Wilson da ya fito a matsayin Sam, da Joy Page. Paul Henreid, mai wasan Laszlo, ɗan Ostiriya ne da ya ƙi jinin 'yan Nazi, ya koma Ingila, daga can ya wuce Amurka. Peter Lorre, mai wasan Ugarte, Bayahude ne da ya yi suna a Berlin da fim ɗin M na 1931, ya bar Jamus a 1933 da Hitler ya hau mulki. S.Z. Sakall, tsohon nan mai fara'a da ke kai wa baƙi abin sha, fitaccen ɗan wasan barkwanci ne a Hangari, kuma 'yan'uwansa mata uku sun mutu a sansanonin 'yan Nazi. Helmut Dantine, saurayin Bulgeriya da Rick ya bari ya ci caca don kada amaryarsa ta sayar da mutuncinta ga Renault saboda biza, shi kansa 'yan Nazi sun tsare shi na watanni a Ostiriya a 1938.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne labarin Conrad Veidt, wanda ya sa kakin Manjo Strasser. Veidt yana cikin manyan taurarin sinimar Jamus tun fim ɗin The Cabinet of Dr. Caligari na 1920. Matarsa Bayahudiya ce, don haka suka bar ƙasar a 1933, ya karɓi takardar zama ɗan Birtaniya a 1939, ya kuma taimaka wa yaƙin Birtaniya da dukiyarsa. A Hollywood sai ya zamana aikin da ake yawan ba shi shi ne fitowa a matsayin mutanen da suka kore shi daga gida. Ya rasu a watan Afrilun 1943 yana da shekara 50, bai ga ƙarshen yaƙin ba.

Marcel Dalio, wanda ke kula da teburin caca, babban tauraro ne a Faransa, ya fito a La Grande Illusion na 1937 da La Règle du jeu na 1939. Shi da matarsa Madeleine Lebeau sun tsere daga Paris a watan Yunin 1940, suka isa Lisbon, suka samu bizar ƙasar Chile bayan doguwar jira. Da jirginsu ya tsaya a Meziko aka gano bizar ta jabu ce, sai da ƙyar suka samu takardun wucin gadi na Kanada suka shiga Amurka. A Faransa kuwa 'yan Nazi suka riƙa buga hoton fuskarsa a jikin takardun farfagandar ƙin Yahudawa. A Casablanca 'yan kalmomi kaɗan aka ba shi, ba a ma sa sunansa a allo ba.

Lebeau ce ta fito a matsayin Yvonne, kuma fuskarta ce kyamara ta tsaya a kai a wurin da ya fi ko'ina shahara a fim ɗin, lokacin da hafsoshin Jamus suka ɗauki waƙar kishin ƙasarsu, Laszlo ya umarci makaɗa su buga taken Faransa, jama'ar gidan suka miƙe suka danne muryar Jamusawan. Dan Seymour, wanda ya fito a matsayin mai gadin ƙofa, ya ba da labari daga baya cewa da ya duba a ranar ɗaukar wurin, sai ya ga da yawa cikin 'yan wasan suna hawaye na gaske. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kazalika tsoho da tsohuwar nan da ke gwada Turancinsu na kame-kame domin shirin zuwa Amurka, Ludwig Stössel da Ilka Grüning ne, ƙwararrun 'yan wasa daga Ostiriya da suka tsufa a dandalin Jamusanci kafin a raba su da shi. Daɗin daɗawa, a 1942 hukumomin sojan Amurka sun sanya wa baƙi 'yan asalin Jamus da ke Kalifoniya dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, dokar da ta haɗa har da waɗanda Hitler ya koro.

Inda tarihi ya bambanta

Takardun izinin wucewa da labarin ya rataya a kansu ƙirƙira ce ta marubuta, babu irinsu a lokacin yaƙin. Abin da ke akwai ya fi haka wuya. Mai son fita sai ya haɗa bizar ƙasar da za shi, da bizar wucewa ta Sifen da ta Fotugal, da bizar fita daga Faransa, da tikitin jirgin ruwa, kuma kowace takarda tana da wa'adinta, ta yadda kafin ta ƙarshe ta fito ta farko ta mutu. Yawancin masu tserewa sun bi ta duwatsun Pyrenees ne zuwa Lisbon. A Bordeaux, ƙaramin jakadan Fotugal Aristides de Sousa Mendes ya saɓa umarnin gwamnatinsa ya ba da dubban biza a watan Yunin 1940, aka kore shi daga aiki, ya mutu cikin talauci a 1954. A Marseille, wani ɗan jarida Ba'amurke, Varian Fry, ya taimaka wa mutane kimanin 2,000 suka fita kafin a kore shi daga Faransa a 1941.

Amurkan da fim ɗin ya nuna a matsayin tudun mun tsira, ƙofarta ba a buɗe take ba. A 1939 jirgin ruwan St. Louis ɗauke da Yahudawa fiye da 900 ya koma Turai bayan Kyuba da Amurka sun ƙi karɓar akasarinsu. Shi kansa fim ɗin, wanda Yahudawa da dama suka yi aiki a cikinsa, bai ambaci kalmar Bayahude ko sau ɗaya ba.

Kasablanka ta gaskiya ta ga nata 'yan gudun hijirar. Wata lauya Bayahudiya 'yar Moroko, Hélène Cazès-Benatar, ta kafa kwamitin agaza musu a 1940. Sai dai da yawa ba a gidan rawa suka yi jiran ba. Gwamnatin Vichy ta tsare dubban baƙi, cikinsu har da Yahudawa da 'yan jamhuriyar Sifen da suka sha kaye a yaƙin basasa, a sansanonin aikin tilas kamar na Bou Arfa da Berguent a gabashin Moroko, aka sa su shimfiɗa layin dogo da aka yi niyyar ya ratsa Sahara daga Bahar Rum har Kogin Kwara. Layin bai taɓa kaiwa can ba.

Ina masu gari?

Babban gibin fim ɗin shi ne mutanen Moroko. Labari ne da ya faru a birnin Afirka, amma masu garin ba su wuce 'yan kasuwa masu ƙara farashi da masu gadi ba, kuma waɗanda suka fito a matsayinsu ma ba 'yan Moroko ba ne. Taken Faransa da aka rera a matsayin waƙar 'yanci, an rera shi ne a ƙasar da Faransa ta mallake. Tarihi bai jima ba ya tona wannan. Ranar 22 ga Janairun 1943 Sarki Muhammad na Biyar ya ci abincin dare da Roosevelt a Anfa, ranar 11 ga Janairun 1944 masu kishin ƙasa na jam'iyyar Istiqlal suka fitar da takardar neman 'yancin kai, a 1956 kuma Moroko ta samu mulkin kanta.

Sam shi kaɗai ne baƙar fata mai magana a fim ɗin. Idan aka auna da abin da Hollywood ta saba yi wa baƙaƙen fata a lokacin, an ba shi daraja, domin abokin sirrin Rick ne tun Paris, kuma Rick ya ƙi sayar da kwangilarsa yana cewa shi ba ya cinikin ɗan Adam. Duk da haka Ilsa ta kira shi yaro, alhali Dooley Wilson yana da shekara 56, kuma da aka zo ƙarshe an bar shi a Kasablanka tare da gidan da aka sayar. A shekarar da ta biyo baya, 1943, Bogart ya fito a wani fim ɗin yaƙi mai suna Sahara, na darakta Zoltan Korda, inda Rex Ingram ya fito a matsayin Saja Manjo Tambul, sojan Sudan wanda shi ne ya san inda rijiya take, ya kuma ba da ransa don sauran. Irin wannan matsayi bai da yawa a finafinan wancan zamani.

Hanyar Barazabil

A mintunan ƙarshe Renault ya jefa kwalbar ruwan Vichy a kwandon shara, ya ba Rick shawarar su nufi Barazabil, inda akwai sansanin sojojin Faransa Mai 'Yanci. Wannan kalma guda tana ɗauke da tarihin da fim ɗin bai buɗe ba. Ranar 26 ga Agustan 1940 gwamnan Cadi, Félix Éboué, baƙar fata haifaffen Guiana ta Faransa, ya bayyana goyon bayansa ga Janar Charles de Gaulle. Kamaru ta bi washegari, Kwango ta biyo baya ranar 28, Barazabil ta zama hedkwatar Faransa Mai 'Yanci. Afirka ta Yamma ta Faransa kuwa, har da Nijar, ta zauna tare da Vichy har Nuwamban 1942. Ke nan a watan da labarin Rick ke faruwa, iyakar da ta ratsa ƙasar Hausa tsakanin Katsina da Maraɗi ita ce iyaka tsakanin daular Birtaniya da yankin Vichy.

Matakin Éboué ya ba dubban jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi ta Gana ta yanzu damar bi ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort-Lamy, wato Njamena, su ratsa El Fasher da Khartum zuwa Alƙahira. Daga Cadi ne kuma Kanar Philippe Leclerc ya ja wata ƙaramar runduna, akasarinta 'yan Afirka, ya ƙwace Kufra ta Libiya daga hannun Italiya ranar 1 ga Maris na 1941. Amma da aka sake tsara dakarun Leclerc a Moroko a 1943 aka ba su kayan yaƙin Amurka, sai aka cire baƙaƙen sojoji, don haka ba su cikin rundunarsa da ta shiga Paris ranar 25 ga Agustan 1944.

Sai da 'yan Afirka suka riƙe kyamara da kansu kafin wannan ɓangare ya samu fim ɗinsa. A 1988 Ousmane Sembène da Thierno Faty Sow na Senegal suka fitar da Camp de Thiaroye, a kan kisan da sojojin Faransa suka yi wa tsofaffin sojojin Afirka masu neman haƙƙinsu a kusa da Dakar ranar 1 ga Disamban 1944. A 2006 Rachid Bouchareb ya fitar da Indigènes, a kan sojojin Afirka ta Arewa da suka yi yaƙin 'yanto Faransa. Mai son cikakken hoto sai ya kalli waɗannan tare da Casablanca.

Almakashin gwamnatoci

Gwamnatoci sun gane cewa fim ɗin siyasa ce tun kafin masu sharhi su gane. Ofishin yaɗa labaran yaƙi na Amurka ya hana a nuna wa sojoji shi a Afirka ta Arewa, gudun ɓata ran magoya bayan Vichy da ake neman haɗin kansu. Ƙasar Ailan, wadda ba ta shiga yaƙin ba, ta haramta shi a 1943, sai a 1945 ta bari a nuna bayan an yanke wasu wurare. A Jamus ta Yamma kuwa, a 1952 aka fitar da shi bayan an datse kusan minti 25, aka share duk wani ɗan Nazi, Laszlo ya koma masanin kimiyya ɗan Nowe mai suna Victor Larsen. Sai a 1975 Jamusawa suka ga cikakken fim ɗin da harshensu a talabijin.

Abin da ya raya shi

Bogart ya rasu a watan Janairun 1957. A shekarar ne gidan sinima na Brattle da ke kusa da Jami'ar Harvard ya fara sake nuna fim ɗin, abin ya zama al'ada ta ɗalibai a lokacin jarrabawa, daga nan talabijin ta kai shi gida-gida. A 1988 kamfanin Ted Turner ya fitar da shi da launi, masu sha'awar sinima suka yi ca, domin hasken da inuwar da mai ɗaukar hoto Arthur Edeson ya tsara don baƙi da fari aka yi su. A 1989 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin finafinai 25 na farko da za a adana a matsayin gadon ƙasa, a 1998 kuma Cibiyar Finafinai ta Amurka ta ba shi matsayi na biyu bayan Citizen Kane.

Ba kowa ya sallama ba. Marubucin nan na Italiya, Umberto Eco, yana ganin fim ne matsakaici wanda ya tara kusan duk tsofaffin dabarun labari a wuri guda, kuma yawansu ne ya ba shi ƙarfi. A 1982 wani marubuci mai suna Chuck Ross ya sake buga rubutun fim ɗin da sunan wasan na asali, ya aika wa ofisoshin dillalan labarai 217. Cikin 85 da suka karanta, 33 ne suka gane shi, 38 kuwa suka yi watsi da shi. Haka kuma wanda ya kalli The Third Man na Carol Reed, wanda aka ɗauka a kangayen Vienna aka fitar a 1949, zai ga bambanci tsakanin fim ɗin da aka yi ana tsakiyar yaƙi don ƙarfafa gwiwa, da wanda aka yi bayan an ga ɓarnar da yaƙin ya bari. A can Ba'amurken bai ceci kowa ba, abokinsa kuma dillalin jabun magani ne da ya nakasa yara.

Duk da haka akwai abin da Casablanca ke da shi wanda na bayansa ba su da shi. An yi shi ne a lokacin da babu wanda ya san yadda yaƙin zai ƙare, da mutanen da ba su san halin da danginsu ke ciki ba. Madeleine Lebeau, ta ƙarshe cikin waɗanda aka rubuta sunayensu a allo, ta rasu a 2016 tana da shekara 92.

Hanyar da taswirar fim ɗin ta nuna kuma ta juya. A 1941 Turawa ne ke tsallakowa Afirka neman tsira. A 'yan shekarun nan matasa daga Afirka ta Yamma da Sudan ne ke zaman jira a biranen Moroko, kuma ranar 24 ga Yunin 2022 aƙalla 23 daga cikin masu neman tsallakawa suka mutu a shingen Melilla. A wannan shekara ce Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce yawan waɗanda aka raba da gidajensu a duniya ya haura miliyan 100. A birnin Kasablanka akwai gidan cin abinci mai suna Rick's Café, wanda wata tsohuwar jami'ar jakadancin Amurka, Kathy Kriger, ta buɗe a 2004 don masu yawon buɗe ido da ke zuwa neman wurin da bai taɓa wanzuwa ba. A 2014 kuma aka yi gwanjon piyanon Sam a New York a kan dala miliyan 3.4, ita kuwa takardar izinin wucewa da aka yi amfani da ita a fim ɗin aka saye ta dala 118,750.